Yadda Za Ku Haɗu Ku Rubuta Sabon Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Zaman Keɓewa na Marubuta

Wasan kwaikwayo mai waƙa, irin wanda ake yi a dandamalin Broadway a birnin New York da West End a Landan, yanzu kuma har a Legas, sana'a uku ce aka haɗa wuri guda. Akwai mai rubuta labari da maganganun 'yan wasa, akwai mai rubuta baitocin waƙa, akwai mai tsara kiɗa. Wani lokaci mutum ɗaya kan riƙe biyu daga ciki, amma ba safai ake samun mai riƙe duka ukun ba. Inda gizo ke saƙar shi ne babu wanda zai iya kammala nasa shi kaɗai. Mai labari ya matsar da fitowa ɗaya, waƙar da ke cikinta ta tashi daga aiki. Mai kiɗa ya ƙara tsawon amshi, mai baiti ya tarar ana bin sa bashin ɗango biyu. In ta waya ake irin wannan gyara, sai ya ci mako biyu ana tura saƙo ana jiran amsa. In ana ɗaki ɗaya, kafin azahar an wuce wurin.

Wannan ne ya sa a Amurka aka tanadi wurare domin masu wannan aiki. Rhinebeck Writers Retreat, wadda Kathy Evans ta kafa a 2011 a jihar New York, tana ba marubutan wasa ɗaya gida na mako guda su zauna su yi aikinsu. Gidan wasa na Goodspeed da ke East Haddam a jihar Connecticut yana tara marubuta da yawa a lokacin sanyi, kowa ya yi aikinsa da rana, da yamma a haɗu a ji abin da aka samu. Cibiyar Eugene O'Neill da ke Waterford tun 1978 take da shirin da ake gwada sababbin wasanni masu waƙa, 'yan wasa riƙe da takarda a hannu. A Nijeriya akwai gidan marubuta na Ebedi a garin Iseyin ta jihar Oyo, wanda Dakta Wale Okediran ya buɗe a 2010. Ko kun samu gurbi a irin waɗannan wurare, ko kun kama gidan wani ɗan uwa da ba kowa a ciki, hanyar aikin ɗaya ce. Zan ɗauka mako guda kuke da shi, ku biyu ko uku.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne: makon nan ba na ƙawata waƙa ba ne. Na yanke shawarwarin da sai kuna tare za su yanku ne, babbarsu kuwa ita ce ina waƙa za ta shigo, wa zai rera ta, me ya sa ba zai faɗi abin da baki kawai ba. Ku fito da wasan gaba ɗayansa, ko da ɗanye ne, ya fi ku fito da waƙoƙi uku masu daɗi da ba su da mazauni.

Mataki na farko: abin da za a gama kafin a kama hanya

Kada ku je ku nemi labari a can. Ku je da shi. Aƙalla wata guda kafin tafiya, mai labari ya rubuta shi a shafi biyu ko uku, daga farko har ƙarshe, kowa ya karanta ya amince cewa wannan ne za a yi. In har yanzu ba ku san yadda zai ƙare ba, ba ku shirya ba.

Sai maganar haƙƙi. Idan labarin daga littafin wani kuka ɗauko shi, ku nemi izini a rubuce tun yanzu. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka mutuwar mai littafi ba ta mayar da littafin na kowa ba. Magada ne ke da shi. Haka ma karin waƙar mawaƙin da ya rasu. Ina jaddada wannan ne domin babu baƙin cikin da ya kai ku yi shekara kuna gini, sannan a ce muku filin ba naku ba ne.

Tsakaninku ma ku rubuta yarjejeniya, ko ta shafi ɗaya ce, kowa ya sa hannu. Na san akwai nauyi mutum ya ce wa abokinsa ko malaminsa a rubuta, amma lokacin da babu ko kwabo a ƙasa shi ne lokacin da maganar ta fi sauƙi. Al'adar da aka saba da ita a Amurka ita ce a raba kason marubuta gida uku daidai: labari, baiti, kiɗa, wanda ya yi biyu ya ɗauki biyu. Ƙungiyar marubutan wasan kwaikwayo ta can, Dramatists Guild, ta daɗe a kan cewa marubuta ne ke mallakar aikinsu, kuma ba a canza musu shi sai da yardarsu. Ku fayyace yadda za a jera sunaye, da wanda ke da kalmar ƙarshe a kowane ɓangare, da abin da zai faru in wani ya janye: shin zai tafi da waƙoƙinsa, ko akwai matakin da in an kai shi aikin ya zama ɗaya, ba mai cire nasa?

Ku kuma yanke girman wasan. Manyan wasannin Broadway kan kai awa biyu da rabi har da hutu, kashi biyu. In wannan ne karonku na farko, shawarata ku tsaya a kashi ɗaya, minti 60 zuwa 90, waƙoƙi 8 zuwa 12, 'yan wasa kada su wuce takwas. Kowane ɗan wasa da kuka ƙara kuɗin mota ne da abinci da makirfo a kowace ranar gwaji.

Mataki na biyu: wuri da kaya

Ana buƙatar ɗaki biyu aƙalla, masu ƙofa, domin mai kiɗa zai maimaita layi ɗaya sau hamsin, mai rubutu kuwa shiru yake nema. Sai falo mai bango da za a iya manna takardu. Ku tafi da fiyano ko duk abin kiɗan da mai kiɗanku ya saba da shi, gurmi ne ko garaya ko jita, da ƙananan katuna na takarda masu launi biyu, da salatif, da waya mai isasshen wuri don naɗar murya. Ku tabbatar da wuta, sola ko janareta. Ku sami mai dafa abinci. A gidan marubuta na MacDowell da ke New Hampshire, wanda ke aiki tun 1907, a kwando ake kai wa kowa abincin rana a ajiye masa a bakin ƙofa ba tare da an katse shi ba. Sun gane cewa zuwa cefane da hura wuta su ke cinye hantsi, kuma hantsi shi ne zuciyar yini.

Mataki na uku: ranar farko, ba waƙa

Ku rufe fiyano. Mai labari ya ba da labarin da baki, ba ya kallon takarda, sauran suna saurare. Sannan mai baiti ya bayar, sannan mai kiɗa. Za ku sha mamakin yadda mutum uku da suka karanta shafi ɗaya za su ba da labari uku. Duk inda aka saɓa, ku tsaya a nan har ku daidaita.

Domin bayani ya fito, bari in ƙirƙiri misali da za mu yi ta amfani da shi. Binta 'yar wani marini ce, mahaifinta ya tsufa, wanta yana so a sayar da ramukan rinin gidan a buɗe shagon waya, ita kuma tana so ta gaji sana'ar da aka ce ba ta mata ba ce. Tambayoyin ranar farko su ne: me Binta take so, a jimla ɗaya? Me zai same ta in ba ta samu ba? Wa ya tare mata hanya, kuma me ya sa shi ma yana da gaskiyarsa? Idan wan nata mugu ne kawai, ba shi da waƙar da zai rera. Idan kuwa shi ne ke biyan kuɗin maganin mahaifinsu kuma ya ga kasuwar rini tana ja da baya, to kun sami waƙa biyu da rigima mai rai.

Kafin magariba ku rubuta kowace fitowa a kati ɗaya, jimla ɗaya tal: wa ke so me, me ya canza. Ku jera su a bango. Katin da kuka kasa cewa me ya canza a cikinsa, ku cire shi ku ga ko labarin ya ji a jikinsa.

Mataki na huɗu: gano mazaunin waƙa

Nan ne aikin yake, kuma in ya ci muku yini biyu ba asara ba ce.

Mai kallon fina-finan Hausa ya saba da waƙar da ke zuwa a matsayin hutu: labari ya tsaya, a rera, a dawo inda aka bari. Wannan salo ne mai zaman kansa, yana da masoyansa. A wasan dandamali mai waƙa kuwa, tun bayan da mai kiɗa Richard Rodgers da mai baiti Oscar Hammerstein, 'yan Amurka, suka fito da wasansu na farko tare a 1943, abin da ya zama ma'auni shi ne waƙar ita ce fitowar. Mutum yana shiga waƙa da hali ɗaya, ya fito da wani. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka waƙa take a tatsuniya: yarinyar da aka zalunta takan rera ne daidai lokacin da magana ba za ta isa ba, kuma waƙar ce ke tona asiri ta juya labarin.

Ku bi katunan ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: ina ne abin da ke zuciyar wannan mutum ya fi ƙarfin magana? Inda kuka same shi, ku manna kati mai ɗaya launin a kai, ku rubuta abu huɗu: mai rerawa, wanda ake rera wa, abin da yake nema, da abin da ya canza a ƙarshe. Ku ba waƙar suna na wucin gadi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ku cire katin waƙar. In labari ya ci gaba lafiya lau ba tare da ita ba, ado ce. Ana iya barin ado ɗaya don 'yan kallo su sarara, amma ba uku ba.

Akwai wasu gurabe da masu wannan sana'a suka daɗe da ganewa. Waƙar buɗe fage ita ke gaya wa 'yan kallo inda suke, da irin daren da za su yi, na dariya ne ko na hawaye. A misalinmu ba sai an je nesa ba: sautin mabuga, inda ake bugun yadi da guduma ta katako ana amsa wa juna, kiɗa ne a shirye. A buɗe labule a kansa, marina su shigo da waƙar aiki, cikin minti uku mai kallo ya san gari, ya san sana'a, ya ga Binta tana leƙe daga soro. Bayanta, cikin minti 15 na farko, sai waƙar buri, inda jarumar ke faɗin abin da take so. In ba a ji wannan da wuri ba, 'yan kallo ba su san abin da za su taya ta fata ba. In wasan kashi biyu ne, ƙarshen kashi na farko yana buƙatar waƙar da za ta bar tambaya a rataye, domin mutane su dawo daga hutu. Gab da ƙarshe kuma akwai babbar waƙar da jarumar ke fuskantar gaskiyar kanta ta yanke hukunci.

Sai maimaici, wato a dawo da waƙar da aka ji a baya amma ma'anarta ta sauya. A ganina wannan shi ne makami mafi ƙarfi da kuke da shi, kuma shi ne mafi araha. Waƙar aikin da marina suka buɗe wasa da ita cikin annashuwa, in Binta ta rera ta ita kaɗai a bakin ramin da ya bushe bayan rasuwar mahaifinta, ba a ƙara ɗango ko ɗaya ba, amma za ta yi abin da sabuwar waƙa ba za ta yi ba.

Idan kun gama, ku ja baya ku dubi bangon. Shin waƙoƙi masu sanyi uku sun jeru? Shin mutum ɗaya ne ke rera huɗu a jere, muryarsa za ta ɗauka? Akwai ta mutum biyu, akwai ta taro? Akwai minti 20 da babu waƙa ko ɗaya? Ku gyara a bango, inda gyara ɗaga kati ne kawai.

Mataki na biyar: rubuta waƙoƙin

Tambayar da kowa ke yi ita ce me ke zuwa da fari, baiti ko kiɗa. Babu doka. Richard Rodgers da yake aiki da mai baiti Lorenz Hart galibi kiɗa ne ke fara zuwa. Da ya koma aiki da Oscar Hammerstein sai baiti ya riƙa gabata. Amma ga masu rubutu da Hausa ina da ra'ayi, kuma zan faɗi dalili.

Kafin duka biyun, ga hanyar da na fi yarda da ita. Mai labari ya rubuta fitowar da magana zalla, kamar babu waƙa: duk abin da Binta za ta ce, da harshenta, har da kame-kame da maimaici. Ya miƙa wa mai baiti, shi kuma ya tsince abin da yake so. Sau da yawa jimlar da ta fi kyau a wannan rubutu ita ke zama amshi. Dole mai labari ya san tun farko cewa mafi kyawun shafukansa waƙa ce za ta cinye su, kuma wannan ba ƙwace ba ne, aikin ke nan. Amfanin hanyar shi ne mutumin da ke magana da mutumin da ke rerawa sun zama mutum ɗaya. Babu abin da ke ɓata wasa kamar 'yar marini da ke magana irin ta cikin gida, ta buɗe baki da waƙa sai ga Hausar malaman jami'a.

Yanzu dalilin da ya sa nake cewa a Hausa baiti ya fara zuwa, ko aƙalla amshi. Harshenmu yana da karin sauti, yana da dogon wasali da gajere, kuma duka biyun suna rarrabe ma'ana. A ce mai baiti ya rubuta wa Binta:

Baba ya ce hannun mace na lalle ne,
Ni ko nawa baba nake so ya rina.

Baba na farko mahaifi ne, murya na farawa ƙasa ta hau. Na biyu shukar rini ce, murya na sama a gaɓa biyun. In mai kiɗa ya ɗora musu sauti iri ɗaya, ko ya sauko da murya inda ya kamata ta hau, mai sauraro zai ji wata kalma dabam, kuma armashin ɗangon ya tafi. Haka tsawon wasali: ka ja gaɓar farko ta gari, birni ya koma garin tuwo. Mawaƙanmu na baka sukan karya karin sauti wani lokaci kuma a fahimce su, domin mutane sun ji waƙar sau da yawa. Mai kallon sabon wasa sau ɗaya zai ji ɗangon, ba shi da damar mayarwa baya, kuma labarin yana cikin kalmomin.

Saboda haka ku yi haka: mai baiti ya karanta ɗangon da baki yadda ake magana, a naɗa a waya. Mai kiɗa ya saurara sau da yawa, ya ji inda murya ke hawa da sauka, ya gina karinsa a kai. Dogon sauti ya faɗa a kan gaɓa mai nauyi, gajere a kan marar nauyi, kamar yadda masu rubutacciyar waƙa suka saba aunawa. Baiti na biyu shi ne zai ba ku wahala, domin yanzu kari ya zauna, dole sababbin kalmomi su bi shi. A nan ku yarda a ɗan lanƙwasa karin daga baiti zuwa baiti, maimakon a tauye kalma.

In kiɗa ne ya riga zuwa, wanda kan faru kuma yakan zo da alheri, mai baiti ya fara cika shi da kalmomin banza masu daidai awo, don ya kama inda nauyi yake, daga baya ya musanya su da na gaske.

Game da amsa-amo, Hausa tana da sauƙinsa, kuma sauƙin tarko ne. Kalmomin da ke ƙarewa da wa ko na ko ba ba su ƙirguwa, sai mutum ya yi baiti goma bai ce komai ba. Kada a murɗe jimla don ta faɗa kan amsa-amo. Kalmar da ta fi muhimmanci ita ya kamata ta zauna a ƙarshen ɗango, domin nan kunne ke tsayawa. Kuma ku rage kalmomi. Ɗangon da ya yi kyau a takarda sau da yawa ya yi wa baki yawa. Ɗan wasa yana tafiya, yana numfashi, wani lokaci yana rawa. Ku rera shi kuna zagaya ɗaki. In numfashi ya ƙare kafin ɗango ya ƙare, ɗangon ne ke da laifi.

Ku yi amfani da abin da muke da shi. Tsarin jagora da 'yan amshi ya dace da dandamali matuƙa, domin 'yan amshi na iya zama mutanen unguwa, masu tsegumi, ko muryar al'ada da ke danne jarumar. Waƙar gaɗa, waƙar daka da niƙa, kirari, zambo da habaici, kowanne yana da aikin da yake yi a rayuwa, kuma mai kallo ya san aikin tun kafin a gaya masa. Habaici tsakanin Binta da matar wanta, a rera shi a kan luguden daka, ya riga ya zama fitowa.

A makon nan kada ku nemi kammala kowace waƙa. Baiti ɗaya da amshi ya isa a gane ko waƙa za ta rayu. Ku naɗi komai a waya, ku sa wa kowane naɗi sunan waƙa da kwanan wata nan take. Shiga situdiyo da ƙawata kiɗa na gaba ne.

Mataki na shida: tsarin yini da saɓani

Bayan karin kumallo ku zauna minti 20 ku faɗi abin da kowa zai yi yau. Daga nan zuwa azahar kowa ɗakinsa, waya a kashe. Bayan azahar mai baiti da mai kiɗa su haɗu, mai labari ya gyara hanyoyin shiga waƙa da fita daga cikinta. Wannan gaɓa, jimloli biyu ko uku kafin a fara rerawa, tana bukatar kulawa ta musamman: kiɗa ya fara shigowa a hankali a ƙarƙashin magana, don kada waƙar ta faɗo kamar daga sama. Bayan la'asar a nuna wa juna abin da aka samu, ko da ɗanye ne. Bayan isha'i a bar aiki.

Za ku saɓa, kuma galibi a tsakiyar mako, lokacin da gajiya ta taru kuma aka ga girman abin da ya rage. Doka ɗaya nake ba da shawara: ba a ƙin ra'ayi sai an gwada shi. Gardamar awa guda kan ko waƙa ta koma bakin mahaifi, rera ta na minti uku zai raba ta. In kana da suka, faɗi abin da ka ji da inda ka ji shi, kamar ka ce a baiti na biyu hankalinka ya tafi, ka bar mai abin ya nemo magani. Idan akwai babba a cikinku, malami ko yaya, shi ya kamata ya buɗe ƙofa da bakinsa, ya ce wa ƙaramin: Ƙanena, in ka ji inda bai yi ba ka faɗa mini, don shi muka zo. In ba haka ba kunya za ta sa a yi shiru, a koma gida da waƙar da kowa ya san ba ta yi ba. Waƙar da aka cire kuma kada a yar da ita, a adana. Karinta na iya samun gida a wani wuri.

Mataki na bakwai: karatun gwaji

Kwana ɗaya kafin tashi, ku karanta wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Inda waƙa ba ta samu ba, a karanta katinta. In da hali ku gayyato mutum huɗu ko biyar masu iya karatu da rerawa su riƙe matsayin 'yan wasa, domin ku sami damar zama ku saurara, da wasu 'yan kaɗan da ba su san labarin ba. A New York akwai tsarin da ake kira karatun awa 29, inda ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa ta iyakance gwaji da gabatarwa duka ga waɗannan awoyi, babu kayan ado, babu fitilu, sai kujeru da takarda da fiyano. Hikimar ita ce in wasa bai tsaya a haka ba, kaya ba za su tsayar da shi ba.

Ɗaya daga cikinku ya riƙe agogo ya rubuta tsawon kowace fitowa. Sauran ku dubi masu sauraro, ba takarda ba: ina suka gyara zama, ina suka duba waya, ina suka yi tsit. Bayan an gama kada ku tambaya ko ya yi daɗi, domin kara za ta sa kowa ya ce ya yi. Ku ce wani ya maimaita muku labarin. Ku tambaya me Binta take so, wace waƙa ce ta maƙale musu, ina suka ɓace. Akwai tsarin karɓar ra'ayi da Liz Lerman, mai tsara raye-raye a Amurka, ta fito da shi a 1990, mai hawa huɗu: masu sauraro su fara faɗin abin da ya taɓa su, sannan mai aiki ya yi nasa tambayoyin, sannan su yi tambayoyin da ba hukunci a ciki, daga ƙarshe su nemi izini kafin su faɗi ra'ayi. Yana hana taro ya koma kowa na rubuta muku wasan da shi zai so ya rubuta. In mutum uku sun nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ba ne.

Mataki na takwas: ranar tashi da abin da ke biye

Kada ku yi sabon rubutu. Ku ɗauki hoton bangon kafin a cire katuna. Ku rubuta jerin gyare-gyare, kowanne da sunan mai yi da ranar da zai kawo. Mutum ɗaya ne zai riƙe kwafin asali, duk gyara ta hannunsa zai bi, in ba haka ba cikin wata guda za ku tarar da wasa uku. A tura duk naɗin murya wuri ɗaya da kowa zai iya buɗewa.

Ku sani cewa mako guda daftarin farko yake bayarwa. Wasan In the Heights ya faro ne a 1999 lokacin da wanda ya fara rubuta shi, Lin-Manuel Miranda, yake ɗalibi, ya bi ta cibiyar O'Neill a 2005, bai hau Broadway ba sai 2008. Mataki na gaba a gare ku shi ne karatu na biyu da 'yan wasa na gaske, kuma sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke da dandalinta na ginin ƙasa a Samaru, wuri ne da ya dace a fara ƙwanƙwasawa, domin akwai ɗalibai masu murya da ke neman sabon abin da za su gwada. In a Kano kuke nufin nunawa, ku tuntuɓi hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar tun wasan yana takarda, musamman kan fitowar da ke da rawa. Kafin kowa ya shiga mota, ku buɗe kalanda ku sa ranar haɗuwa ta gaba, kada ta wuce mako shida.